Ranar da Injiniya Ya Sanyaya Goshin Gimbiya

Duk wanda ke zaune a benen nan ya san Injiniya zai hau jirgi, domin bai bar wa kowa damar rashin sani ba. Tun ranar da kamfanin da yake ɗaura wa na'urorin sanyaya ɗaki ya ba shi kyautar tikiti uku da kwana huɗu a wani otal na bakin teku, ya mayar da matattakalar bene ajin karatu. Wanda ya fito zubar da shara sai ya ji yadda jirgi ke tashi. Wadda ta dawo daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi sai ta tsaya ta ji yadda ake sanyaya cikinsa a can sama. Bai taɓa hawa ba, amma ya ce duk abin da ke da bututu da fanka ɗan gidansu ne.

Ba shi da takardar injiniya. Gyaran firij da esi yake yi a shagonsa da ke ƙasan benen, kuma shi ya rubuta sunan a allon shagon da hannunsa, har mutane suka gaji suka bi shi a kai. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da 'yan aji uku, ta shekara tara tana jin yadda zafi da sanyi ke yi masa biyayya. Ta ƙware wajen gyaɗa kai tana duba littattafan ɗalibai.

Jirgin na ƙarfe biyu ne na rana, kuma an rubuta a jikin tikitin cewa ba a sauya rana. Da safe Malama ta je tada 'yarsu ɗaya tilo, Gimbiya, mai shekara huɗu, ta taɓa wuyanta ta ji kamar ta dafa murfin tukunya. Yarinyar ta ƙi shayi, ta ƙi burodi, sai jan kunnenta na dama take yi tana ƙananan koke-koke. Malama ta sa mata ma'aunin zafi a hammata, ta jira, ta duba sau biyu: talatin da tara. Ta ba ta maganin zazzaɓi cokali ɗaya, sannan ta samu mijinta a gaban madubi yana gwada malafar da ya saya don bakin teku. Ta gaya masa a hankali cewa asibiti za su fara zuwa, kuma abin da likita ya ce shi za a yi, ko da ya ce a zauna a gida.

Injiniya ya karɓi ma'aunin ya juya shi kamar an miƙa masa cokalin wasan yara. Ya ce wannan ai na 'yan koyo ne. Ya sauka shago ya hauro da nasa, wanda yake auna bakin esi da shi, baƙi mai kama da bindiga, mai fitar da jan ɗigo. Ya auna bango, ya auna butar shayi, ya auna tafin hannunsa, duk don Malama ta ga yadda aiki na gaske yake. Da ya auna goshin Gimbiya sai ya sake aunawa daga wani gefen.

"Zafi ne ya taru bai samu hanyar fita ba," ya ce. "Kullum shi nake gani a wurin aiki. Ki ba ni minti ashirin."

"Baban Gimbiya, yarinya ce, ba firij ba."

"Ka'idar ɗaya ce, Malama. Littafi kika karanta, ni hannu na sa."

Ya kwantar da yarinyar a kujerar falo. Ya kunna esin falon ya kai shi ƙarshe, ya ɗauko fankar ɗakin kwana, ya hauro da wata babba daga shago, irin ta ɗakin taro, ya jona su duka a soket ɗaya, tare da dutsen gugar da Malama ta bari a kunne. Labule ya tashi sama. Tikitocin suka bar kan tebur suka shige ƙarƙashin kujera. Gimbiya ta fara karkarwa, Malama ta lulluɓe ta da bargo, shi ya yaye, ita ta mayar. Ana cikin haka wani abu ya yi ƙara a bango, warin ƙonannen roba ya tashi, wutar hawa na biyu gaba ɗaya ta ɗauke.

Ba a yi minti ɗaya ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Tela ce ta ɗakin da ke kallon nasu, da tef a wuya da rabin rigar makaranta a hannu, tana neman wanda ya tsayar mata da keke a tsakiyar ɗinki. A bayanta Baba Mai Wasiƙa, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, riƙe da rediyonsa da ya yi shiru ana tsakiyar labarai. Injiniya ya shaida musu cewa laifin wanda ya yi wayoyin benen ne tun farko, kuma ya daɗe yana faɗa. Anti Tela ta ce shekara goma sha biyu tana ɗinki a kan waɗannan wayoyin, ba su taɓa ƙonewa ba sai ranakun da yake gida. Ta raɓa ta gefensa ta taɓa yarinyar, ta juyo ta ce wa Malama wannan ba ta hawa komai yau sai gadon asibiti. Injiniya ya ce ba a tambayi masu allura da zare ba. Ta ce gara mai allura da zare, ita in ta ɓata abu tana iya warwarewa.

Baba Mai Wasiƙa ne ya kawo abin da ya lalata ranar, kuma da kyakkyawar niyya. Ɗansa yana yawan tafiya, shi ke raka shi filin jirgi, don haka ya san wurin. Ya ce ko gardama ba sai an yi ba, domin a 'yan watannin nan akwai wata mata a bakin ƙofar shiga da ke saita wa kowa na'ura a goshi. Wanda jikinsa ya yi zafi, gefe ake kai shi.

Malama ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka magana ta ƙare. Da ta dubi mijinta sai ta ga idonsa ya yi wannan hasken da ta sani, wanda ya yi ranar da ya ce zai mayar da tsohon firij ɗinsu injin ƙyanƙyasar ƙwai.

Ya tambayi Baba Mai Wasiƙa ko na'urar irin tasa ce. Aka ce kamarsu ɗaya, sai dai waccan fara ce. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce irin wannan na'ura fatar waje kawai take gani, ba ta san abin da ke ciki ba, shi ya fi wanda ya ƙera ta saninta. Minti biyar na sanyi a goshi, an wuce ƙofa. In an shiga jirgi kuwa, sanyin sama da iskar teku za su ƙarasa aikin.

Malama ta ce ba za ta ɗauki yarinya da zazzaɓi ta hau da ita sama don a burge mutanen bene ba. Ya dafa ƙirji ya ce shi uba ne, ba azzalumi ba. Asibitin yara ai a kan hanyar filin jirgi yake. Za su fita da wuri su tsaya, likita ya gani, kuma ya riga ya san abin da likitan zai ce. A kan wannan alkawarin ta ɗauki jakarta. Ta lissafa cewa in dai ƙafarta ta taka ƙofar asibitin, sauran mai sauƙi ne.

Kafin tasi ta iso ya sauka shago ya buɗe firizar wani mai sayar da lemo da aka kawo gyara, ya farfasa ƙanƙara ya ƙulla a leda shida. Baba Mai Wasiƙa ya gaya masa ba a shiga filin jirgi da kular ƙanƙara. Don haka ya ɗauko jaket ɗinsa mai kauri, wanda yake sawa in zai shiga ɗakin sanyi na masu ajiye kifi, ya cusa ledojin a aljihunan ciki, ya zuge zif har wuya. Da malafa a ka da baƙin tabarau, haka ya fito cikin ranar ƙarfe goma sha ɗaya. Mutanen bene suka leƙo ta tagogi suna yi musu a sauka lafiya. Anti Tela ta ce a gaida ƙanƙara in an isa can ƙasar da yake shirin zuwa. Baba Mai Wasiƙa ya shige gaban mota a matsayin ɗan rakiya masanin hanya.

Esin tasin yana aiki, sai dai ba da ƙarfi ba. Da wani ne da ya yi haƙuri. Injiniya ya kasa kunne, ya ce wa direban akwai abin da ya toshe, aikin minti biyu ne, kuma kyauta zai yi masa. Direban ya ce a bar shi haka. Injiniya ya ce ba zai iya zama yana jin na'ura tana kuka ba. Malama ta tuna masa da asibiti, ya ce saboda yarinyar ma yake yi. Aka tsaya a gefen titi. Ya zaro sukuddireba daga aljihun wando, ya kwanta a ƙafafun Baba Mai Wasiƙa, ya cire wani murfi, ya ja wata waya. Minti biyun suka zama arba'in. Da aka tada motar, esin ya fara hura iska mai zafi kamar bakin tanda, kuma maɓallin kashewa ya daina ji. Tagar gefen Injiniya ma ta ƙi sauka, domin wayar da ya ja tata ce.

Direban bai yi zagi ba. Ya tambaya kawai, cikin ladabi, ko a wace makaranta aka koyar da wannan. Injiniya ya ce na'urar tana fitar da tsohon zafin da ya daɗe a ciki ne, a ba ta lokaci. Baba Mai Wasiƙa ya leƙa da kansa waje ta taga ya ce shi dai ya kai wasiƙa shekara talatin a rana bai taɓa dahuwa irin ta yau ba.

Malama ta matsa da Gimbiya kusa da tagar da ke buɗe tana yi mata fifita da littafi. Da suka doshi asibitin ta ce a tsaya. Injiniya ya nuna mata agogo, ya ce in suka tsaya an rufe karɓar kaya. Baba Mai Wasiƙa, wanda ba ya iya riƙe abin da ya sani, ya ce ai a filin jirgin ma akwai nas da ɗan ɗakinta. Malama ta dubi layin da ya fito har waje a ƙofar asibitin, ta dubi 'yarta, ta ce wa direba ya wuce.

"Amma ka ji ni da kyau," ta ce wa mijinta. "Nas ɗin nan za ta ga yarinyar nan. In ma'aikatan filin ba su kai mu wurinta ba, ni zan kai kaina."

Ya ce ta bari dai su wuce ƙofa tukuna, daga nan ta ga duk wanda take so. Ya sunkuya yana yi wa Gimbiya raɗa a kunnen da ba ya ciwo. Malama ba ta ji abin da ya ce ba, ta dai ga yarinyar ta gyaɗa kai.

Sun sauka a filin jirgi Injiniya yana ɗiga ta ko'ina. Daga sama gumi, daga ƙasa ƙanƙara. Leda huɗu sun narke sun fashe, ruwan ya bi ta cikin jaket ya sauka gaban wandonsa mai ruwan toka, ya zana taswira har gwiwa. Duk inda ya taka sai takalminsa ya yi kuka. Da suka shiga layi, wata dattijuwa da ke bayansu ta ja jikarta baya, ta ce wa Malama a hankali akwai banɗaki a hannun hagu, kuma ba abin kunya ba ne, mijinta ma tsoron jirgi yana sa shi haka. Malama ta yi godiya. Wani mai goge ƙasa ya biyo su da mofa da allon gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Duk taku uku da Injiniya ya yi, sai ya goge ya matso da allon, har suka zama kamar tare za su yi tafiyar.

Saura mutum biyar a gabansu Injiniya ya karɓi Gimbiya daga hannun uwarta, wai ta huta. Ya juya wa mutane baya, ya zaro ledar da ta rage da sauran ƙanƙara, ya manna a goshin yarinyar, ya kifa mata malafarsa har hanci. Malama na fama da akwati biyu da jaka, kafin ta ajiye su ta kai hannu layi ya matsa. Saura mutum ɗaya ya tura ledar sama cikin malafar, ya ɗaga gefenta, ya yi wa mai na'urar murmushin wanda ya saba tafiya.

Matar ta saita na'urar a goshin Gimbiya. Ta duba, ta girgiza na'urar, ta sake. Ta gwada a bayan hannunta, ta ga daidai. Ta sake gwada yarinyar. Ta ce ashirin da takwas take gani, kuma ita tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa ganin mai rai da ashirin da takwas ba. Injiniya ya ce haka jinin gidansu yake, sanyi gare su tun kakanni. Ta ce to bari ta ga na uban. Ta ɗaga na'urar zuwa goshinsa, wanda ya sha jaket da tandar tasi. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo ja.

"Malam, kai za ka koma gefe."

"Ni? Ni ne lafiyayyen gidan."

"Talatin da takwas da rabi."

Ya ce na'urarta ce ba a saita ba, kuma ta yi sa'a yau ta haɗu da wanda ya san aikin. Ya miƙa wa Malama yarinyar, ya zuge jaket, ya cusa hannu ciki da sauri ya zaro tasa baƙar, ya saita ta a kan matar don ya nuna mata bambanci. Jan ɗigon ya sauka a tsakiyar goshinta.

Layin ya watse. Dattijuwar ta kwanta a kan jikarta. Mai goge ƙasa ya ɓuya a bayan allonsa. Jami'an tsaro biyu suka taso a guje, na gaban ya taka inda ba a kai ga gogewa ba, ya zo da sulɓi ya kwashe ƙafafun Injiniya, suka zube tare. Leda ta shida ta fashe a tsakaninsu. Baba Mai Wasiƙa, daga bayan igiyar 'yan rakiya, yana ɗaga rediyonsa yana shaida wa duk mai saurare cewa mutumin maƙwabcinsa ne, ba ɗan ta'adda ba ne, wuta kawai yake ƙonawa.

Sai da shugaban masu tsaron ya auna bango da na'urar, ya auna takalminsa, sannan aka saki hannun Injiniya. Aka tasa su zuwa ɗakin nas, wanda rabin bangonsa gilashi ne, don haka duk layin ya samu wurin kallo.

Nas ɗin babbar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ta sa Injiniya ya cire jaket ya zauna a gaban fanka da kofin ruwa. Malama ba ta jira a tambaye ta ba, ta faɗi komai daga safe: awon farko, lokacin da ta ba da magani, da jan kunnen. Nas ta durƙusa ta cire wa Gimbiya malafa. Ledar ta faɗo a cinyar yarinyar da 'yar ƙanƙara kamar ƙwayar gyaɗa a ciki. Nas ta ɗaga ta sama ta duba, mutanen bayan gilashi ma suka duba. Ta tambayi yarinyar me ke mata ciwo.

"Lafiyata ƙalau," in ji Gimbiya. Ta dubi ubanta. "Baba, na faɗa daidai? Yanzu za ka saya mini keken?"

Nas ta sa ma'auni, ta haska kunnen da 'yar fitila, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Nas ta miƙe ta ce kunnen ya kumbura daga ciki. In jirgi ya tashi da ita a haka, iskar da ke danna kunnen manya har su yi ta hamma ita za ta danna wannan kumburin, awa biyu, kuma ba mamaki dodon kunnen ya fashe kafin a sauka. Ba za ta sa hannu yarinyar ta hau ba. Ta rubuta takarda zuwa asibitin yara. Sannan ta sake auna Injiniya, ta ce nasa zafin na jaket ne, ya sauka. In yana so ya tafi shi kaɗai, ya hanzarta, ana kiran ƙarshe.

Malama ta karɓi takardar asibitin. Ta saɓa 'yarta a kafaɗa tana neman yadda za ta haɗa da akwati. Ta gilashin baya ana hango jirgin, fari, ya fi yadda ya yi ta kwatanta shi a matattakala girma. Injiniya ya tsaya da tikitinsa a hannu, jiƙe, yana kallonsa. Aka sake kiran sunan garin da za a je. Ya kalli ƙofar fita zuwa jirgi, ya kalli kunnen da ya yi ja.

Ya ninke tikitin ya sa a aljihu. Ya karɓi Gimbiya, ya kwantar da kanta a kafaɗarsa ta gefen da ba ya ciwo, ya ja babban akwatin da ɗaya hannun. A bakin ƙofa ya tsaya ya shaida wa jami'an tsaro, da mai goge ƙasa, da dattijuwar, cewa shi dama tun da ya ji ƙarar injin jirgin nan bai gamsu da ita ba, kuma ya kamata a samu wanda ya san aiki ya duba. Baba Mai Wasiƙa ya ce in dai shi ne zai duba, a bari mutanen su sauka tukuna.

A asibiti suka yi awa ɗaya da rabi a layi, yarinyar tana barci a ƙirjinsa, bai yarda ya ba uwarta ba ko da hannunsa ya sage. Likitan, wani saurayi mai tabarau, ya karanta takardar nas, ya duba kunnen, ya rubuta magani na kwana bakwai. Ya sake komawa kan takardar, ya ɗago ya tambaya ko wane ne ya ɗaura wa yarinya mai zazzaɓi ƙanƙara a goshi, kuma da wane dalili.

Injiniya ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To, likita, ka san mu a fanninmu..."

Malama ta ajiye biron da take rubuta lokutan magani da shi, ta juyo ta dube shi. Gimbiya ta motsa a jikinsa ta kai hannu kunnenta.

"A fanninmu," ya ce, "firij ba shi da kunne. Sau nawa ka ce a ba ta a rana?"